Kwamfutar Da Ta Ƙi Rufuwa A Illela

A shekarar 1988 aka kawo kwamfuta ofishin wani shirin haƙa rijiyoyi da ke Illela, kuma duk wanda ya ce maka bai je kallonta ba a makon farko, to ko dai ba ya gari ko kuma ƙarya yake yi maka. Ɗaki guda aka ware mata, aka sa labule, aka kafa mata fanka biyu, gatan da ko manaja bai samu ba. Aikinta riƙe bayanin rijiyoyi ne: zurfin kowace, yawan ruwanta da rani da damina, da ƙauyen da ƙishi ya fi matsa wa, don a san inda za a fara tura mahaƙa. Malaman duba rijiyoyi kan zaga Tozai da Lafani da Garu a kan babura, su dawo da takardu cike da lambobi, a zuba mata.

Mai kula da ita Junaidu ne, magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya yi karatunsa a Zariya. Ba shi da mugunta, kuma aikinsa ya iya shi, wannan ba a raba shi da shi ba. Sai dai yana da ciwon nan da kan kama mutumin da ya san abin da babu wanda ya sani a gari, wato bakinsa ba ya iya furta ban sani ba. In ka tambaye shi abin da ya shige masa duhu, sai ya gyara tabarau ya kawo maka amsa mai tsawo, ka tafi kana jin kai ne ba ka gane ba.

Kashe kwamfutar nan ba kamar kashe rediyo ba ne. Sai an ba ta umarni, ta tattara duk abin da ke hannunta ta adana a faifan cikinta, ta rufe komai ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rubuta a gilashi cewa yanzu ana iya yanke wuta. Wata uku tana yin haka lafiya lau. Da bazara ta shigo sai ta ɓullo da sabon hali. Wata rana ta rufu sumul, wata rana kuma ta jero layukanta, ta rubuta a jira, shi ke nan ta ƙame a nan. A danna wannan a danna wancan, ko gezau. Akwai ranar da suka zauna jiranta har ƙarfe biyar, ba ta motsa ba. Dole a ƙarshe a kashe janareta a kanta, kuma duk ranar da aka yi haka, washegari sai a tarar aikin jiya ya dagule, wani ma ya ɓace gaba ɗaya.

Wadda ke shan wahalar wannan ita ce Malama Halimatussa'adiya, mai buga tafireta, wadda aka koya wa shigar da bayanai. Mace ce mai shiru, 'yar gidan malamai, ta ɗan girmi Junaidu. Ita ce za ta sake ɗauko takardun Lafani da ta gama jiya ta sake bugawa tun daga farko, wani lokaci sau uku a mako. Ba ta taɓa yin tsaki ba, abin da ya sa Junaidu ya ɗauka abin bai dame ta ba.

Shi kam ya yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Ya buɗe cikinta ya hure ƙura, ya ciro kowane allo ya mayar. Ya goge tsarin da ke tafiyar da ita ya sake zubawa daga faya-fayan da suka zo da ita, aikin yini biyu cur. Ya karanta littafinta mai kauri har gefen shafukan ya yi baƙi. Ya je Sakkwato ya tambayi wani abokin karatunsa, wanda ya saurare shi ya ce tasu ba ta taɓa yin haka ba. Ya dawo, ta yi kwana huɗu lafiya, har ya fara taku da ƙarfi a ofis, rana ta biyar ta sake ƙamewa.

Ran nan manaja, Alhaji Maccido, ya kira shi gaban manyan ma'aikata ya tambaye shi dalili. Da Junaidu ya ce bai gano ba tukuna, da an wuce wurin. Amma sai ya gyara tabarau ya ce wuta ce, janareta ba ya ba da ita daidai, tana hawa tana sauka. Alhaji ya tambaya me zai sa sabon janareta ya yi haka. Junaidu ya ce mai yiwuwa man ne ba shi da kyau.

To, a garin kan iyaka ba a ambaton mai a tsaya a nan. Kowa ya san jarkoki nawa ke tsallakawa Ƙonni, kowa kuma ya ji labarin masu zuƙe man gas su cika gurbin da kananzir. Kafin la'asar magana ta yi ƙafa ta isa kan Baba Na'Allah, dattijon da ke kula da janareta, tsohon direban babbar mota wanda ke lallaɓa injin nan kamar mai kiwon ragon layya. Babu wanda ya gan shi da jarka. Amma aka rubuta takarda cewa wuta ce ke ɓata kwamfuta kuma ana zargin mai, aka miƙo wa Junaidu, ya sa hannu. Aka dakatar da Na'Allah, aka ce ran Litinin ɗin ƙarshen wata motar ofis za ta tafi Sakkwato da takardar sallamarsa. Tsohon bai yi gardama ba. Ya rataye makullin ɗakin janareta a ƙusa, ya ɗauki butarsa ya fita.

Aka ba direban ofis riƙon janareta, aka sayo mai a gaban idon manaja. Kwana uku bayan haka kwamfuta ta sake ƙamewa.

Junaidu ya tsaya gaban gilashin yana kallon kalmar nan ta a jira. Ya san abin da wannan ke nufi, an bar jaki ana dukan taiki, kuma shi ya miƙa sandar. Kunya ta kama shi, tsoro ma ya kama shi, don in ya koma ya ce ba wuta ba ce, tambayar da za ta biyo baya ita ce to mene ne, shi kuwa ba shi da amsa. Sai ya gaya wa kansa wataƙila gurɓataccen man ya riga ya lalata wani abu a ciki. Ya kwana biyu yana lallashin zuciyarsa da wannan, ba ta lallasu ba.

Ran Alhamis da hantsi, saura kwana huɗu mota ta tafi, Malama Halima ta ajiye wani littafin rubutu na 'yan makaranta a gefen teburinsa. Ta ce in yana da sarari akwai abin da take so su duba tare. Ya buɗe, sai ya ga shafi bayan shafi na rubutunta, ƙanana a tsare. Kowane shafi da kwanan wata a sama, a ƙasa kuma layukan nan goma sha biyu da kwamfuta kan jero in za ta rufu, harafi da harafi, lamba da lamba. A ƙarshen shafi ta rubuta ta rufu, ko ta ƙi. Kwana talatin da takwas ke nan tana yi. Kullum in ya ba da umarnin rufewa ya juya yana haɗa jakarsa, ita tana gefe tana kwafewa, shi kuwa ya ɗauka wasiƙa take rubutawa.

Ya ce mata ai layukan nan duk iri ɗaya ne, ya gan su sau ɗari. Ta ce haka ne ya gan su, amma ya taɓa yi musu muƙabala? Ya tambaye ta mece ce muƙabala. Nan ta bayyana masa cewa mahaifinta marubucin littattafai ne, yakan kwafe littafi da hannu daga wani tsoho, kuma in ya gama ba ya yarda da idonsa. Sai ya zaunar da mutum biyu, ɗaya ya riƙe na asali yana karantawa da ƙarfi, ɗaya ya riƙe sabon yana bi da yatsa, duk inda suka saɓa a ɗiga jan tawada. Tun tana 'yar shekara tara take riƙe masa. Ta ce ido in ya saba da layi yakan karanta abin da ya sani ne, ba abin da ke rubuce ba, shi ya sa ake haɗa shi da kunne.

Junaidu ya so ya yi dariya, a ce shi da digirinsa a zaunar da shi karatu da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Amma ba shi da wata dabara da ta rage masa, wanda ruwa ya ci kuwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ciro shafin wata rana da ta rufu ta ba shi, ta riƙe na ranar da ta ƙi. Ya fara karantawa, tana bi da yatsa. Da ya yi sauri sai ta ce ya koma, ya faɗi kowace lamba ita kaɗai. Layi na ɗaya daidai, na biyu daidai, haka har na takwas. A na tara ya ce sifiri.

“Tsaya,” in ji ta. “Nawa bakwai na.”

Ta ɗiga jan biro a wurin. Suka ɗauki wasu shafuka biyu, a layi na tara ya ce sifiri, ta ce arba'in da ɗaya. Suka sake, ya ce sifiri, ta ce biyu. Suka bi shafukan nan kaf, ba ta yarda sun tsallake ko ɗaya ba, ko da ya ce ai ya gane. Rana ashirin da bakwai ta rufu, duk sifiri ne a wurin. Rana goma sha ɗaya ta ƙi, babu sifiri ko guda.

“Ni ban san mi lambar ga taka nuhi ba,” ta ce. “Wanga sanin naka na. Abin da nis sani, nan sunka saɓa.”

Ya dubi farkon layin, ya ga haruffa biyun da kwamfutar ke kiran firinta da su, injin nan mai ƙara da ke buga aiki a takarda. Ya ja littafin mai kauri, ya buɗe can wajen ƙarshe inda bai taɓa damuwa da shi ba. Lambar tana nufin haruffan da aka aika wa firinta bai kai ga bugawa ba. Ke nan duk ranar da ta ƙi rufuwa akwai sauran haruffa a hannunta da take jiran firinta ya karɓa. To me zai hana shi karɓa?

Malama Halima ta ce wannan ma ta ɗan lura da wani abu, amma ba ta so ta faɗa ba sai sun gama muƙabala, kada zato ya riga hujja. Ta juya bayan littafin inda ta rubuta lokacin da aka yi bugu a kowace rana. Ranakun da aka buga da safe, lafiya. Ranaku goma sha ɗayan nan kuwa duk wajen ƙarfe biyu aka yi bugun. Ta faɗi haka ta sunkuyar da kai tana gyara shafukan.

Ba ta buƙatar ƙarawa. Ƙarfe biyu lokacin azahar ne. Tun da zafi ya tsananta aka mayar da tabarmin salla ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan tagar ɗakin kwamfuta, firinta kuwa in yana aiki sai ka ce ana yanka langa-langa. Junaidu ba ya iya jin an tada iƙama ƙarar nan tana kan masallata. Sai ya leƙa takarda, in ya ga shafi ya kusa cika ya yage abinsa, ya miƙa hannu ya kashe firinta, ya fita da sauri ya sami raka'ar farko. Daga salla sai abinci, daga abinci sai tashi, ba ya sake bi ta kansa. Hannunsa ne, kullum hannunsa ne, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Ya zauna ya dafe kai, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Malama Halima ba ta bar shi ya daɗe a haka ba. Ta ce har yanzu zato ne, a gwada. Suka aika bugu, ya kashe firinta a tsakiya, ya ba da umarnin rufewa. Ta jero layukanta, a na tara ta rubuta ɗari da sha uku, ta ce a jira, ta ƙame. Suka ba ta minti goma. Sannan ya miƙa hannu ya kunna firinta. Injin ya yi ƙara ya tofo layi biyu, kafin ya yi shiru kwamfuta ta rubuta ana iya yanke wuta. Sau uku suka maimaita, don ita ta ce shaida ɗaya ba ta isa ba.

Yanzu da aka nuna masa ƙofa, Junaidu ya nuna shi ma ba a banza ya je Zariya ba. Ya bi diddigin abin har cikin ƙwayar tsarin, wadda masana ke kira kanal, wato ɓangaren da ke ba kowane sashe na injin umarni. Waɗanda suka rubuta ta sun sa ta jira firinta ya gama kafin ta adana aiki ta rufu, amma sun manta ba su ce mata in bai amsa ba ta haƙura ta wuce ba. Ba su taɓa kawowa a ransu cewa wani zai kashe firinta da sauran harafi biyu a hanya ba. Gyaran ƙwayar kanta ba a hannunsa yake ba, sai ya rubuta wa masu ita doguwar wasiƙa da lambobin Malama Halima a ciki. Kafin amsa ta zo kuma ya ƙara ɗan umarni a gaban na rufewa, wanda ke zubar da duk abin da ya rage na firinta tukuna. Ran Juma'a da safe suka gwada da firinta a kashe, ta rufu ba gardama.

Yana aikin yana satar kallon matar nan, wadda ta koma kan takardun Garu kamar ba abin da ya faru. Wata biyu yana neman laifi a cikin ƙarfe da waya da man gas, ita kuwa da biro da littafin kwabo ta zauna tana rubuta abin da ta gani, ba ta ƙara ba ta rage ba, ba ta kuma ce ta san abin da ba ta sani ba. A ransa ya yarda bai taɓa zama da mai ilimi irinta ba, har malamansa na Zariya. Ya tambaye ta me ya sa ba ta kawo littafin tun da wuri ba. Ta ce da farko ranakun ba su isa a yi hukunci da su ba, da aka dakatar da Baba kuma ta kawo sau biyu, yana cewa ta ajiye sai ya sami lokaci. Ya tuna, haka aka yi.

Ya shiga wurin Alhaji Maccido da littafin a hannu, ya faɗi komai, har da wanda ke kashe firinta. Alhaji ya saurara, ya dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, ya ce laifi tudu ne. Ya ciro takardar sallama daga aljihun tebur ya yaga, ya ce a aika masinja ya gaya wa Na'Allah ya dawo aiki ran Litinin. Junaidu ya ce a bar masinja, shi zai je da ƙafarsa.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a ya nufi unguwarsu Na'Allah. A ƙofar gidan akwai dakali, dattawa biyar ko shida na zaune a inuwa suna hira, amma mai gidan ba ya cikinsu. Da ya yi sallama ya tambaye shi, sai hirar ta tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce yana ciki, kwanan nan ba ya fitowa zama.

A zaure ya same shi, zaune a kan buzu shi kaɗai, ya rame. Junaidu ya durƙusa ya gaishe shi, ya zayyana masa yadda aka yi tun daga farko, da muƙabalar Malama Halima, da firinta, da hannunsa. Ya ce man ba shi da laifi, janareta ba shi da laifi, shi ne ya faɗi abin da bai sani ba don kada a ce bai sani ba. Ya roƙe shi gafara.

Na'Allah ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce Allah ya yi wa ɗiyar malam albarka, ya kuma ce ya yafe, duniya da lahira. Junaidu ya yi godiya, ya fara haramar tashi. Sai tsohon ya ɗaga hannu.

“Ɗana, ba ni ya kamata ka gaya ma wanga ba. Ni na san ban ɗauka ba.” Ya nuna ƙofa da haɓa. “Su na ba su sani ba. Shekara talatin muna zama bisa dakalin ga da su. Kwana goma sha biyu ke nan in na hito sai su sauya magana.”

Junaidu ya dubi ƙofar. Ta cikin asabari yana hango ƙafafun dattawan da takalmansu a jere. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ɗaga asabarin ya fita. Suka ɗago kai gaba ɗaya suna dubansa. Bai zauna ba, ya tsaya a cikin rana inda masu wucewa ma za su ji.

“Sunana Junaidu,” ya ce. “Ni ne na sa hannu ga takardar da ta ce Baba Na'Allah ya taɓa mai. Ƙarya na yi mashi, kuma na zo in gaya muku yadda anka yi.”